Dabarun da birus ke yi don tsere wa dogaran jini

Sau da yawa masu saurare kan tambaye mu a gidan rediyo: in har jiki yana da garkuwa, me ya sa wasu cututtuka ke gagarar sa? Ga kaɗan daga cikin amsar.

A cikin jininmu akwai wata runduna ta sinadarai fiye da 30, mafi yawansu hanta ke sarrafa su. Likitoci na kiran ta kwamfileman, wato cikon garkuwa. Wani masani ɗan ƙasar Beljik, Jules Bordet, shi ne ya bayyana aikinta a 1895 a cibiyar Pasteur ta birnin Paris, ya kuma samu kyautar Nobel ta shekarar 1919.

Aikin rundunar iri uku ne. Tana shafa wa baƙuwar ƙwaya alama, tana kiran sojojin jini su zo su haɗiye ta, kuma tana huda fatarta har ta mutu. Don kada ta afka wa jikin mai ita, ƙwayoyin halittarmu na ɗauke da wasu alamomi, irin su CD55 da CD59, tamkar katin ɗan ƙasa.

To, nan ne birus ke nuna wayonsa.

Na farko, sata. Birus ɗin sida, in zai fita daga ƙwayar halittar da ya kama, yakan yafa wani ɓangare na fatarta tare da waɗannan alamomi. Dogarai sun gan shi da katin gida, sai su ƙyale shi.

Na biyu, jabu. Birus ɗin agana yana ƙera nasa sinadari mai kama da wanda jiki ke tsayar da rundunar da shi.

Na uku, bi ta ƙofar mai gadi. Birus ɗin Epstein-Barr, wanda aka gano a 1964, yana maƙale wa CD21, ƙofar da aka tanada domin saƙon kwamfileman, ya shige cikin ƙwayoyin garkuwa.

Sai dai wayo ba ya hana kamu. Allurar rigakafi na koya wa jiki gane ɓarawo tun kafin ya iso. Da ita aka ga bayan agana, wadda hukumar lafiya ta duniya ta tabbatar da ƙarewarta a 1980. Sida kuwa har yanzu ba ta da allura, amma magungunan da ake sha kullum suna danne ta.

Don haka muke kira ga iyaye: a kai yara lamba a kan lokaci, manya kuma mu je awon jini.