Gandun Dajin Akanda: Yadda Ake Neman Kuɗi Wajen Manyan Masu Hannu Da Shuni

'Yan uwanmu da ke sauke shanu a Libreville sun sha tambaya, wai me ya sa aka killace makeken kurmin nan na Akanda da ke arewa maso gabas da birni, alhali ana kukan ƙarancin fili, kuma wa ke biyan ma'aikatan da ke tsaronsa? To, tambaya ta biyun ita za mu bi a wannan karo, domin mu da kan je gaban manya neman gudummawar rijiya ko makaranta, akwai abin koyo a ciki.

Gandun Akanda na ɗaya daga cikin gandun daji 13 da Shugaba Omar Bongo ya keɓe a watan Agustan 2002, waɗanda a haɗe suka kai kusan kashi 11 cikin 100 na faɗin Gabon. Faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 540 ne, kuma galibinsa laka ce da itatuwan nan masu dogayen saiwoyi da ke tsaye cikin ruwan gishiri a gaɓar Mondah. A ƙarƙashin saiwoyin ne kifi ke hayayyafa, kuma dubban tsuntsayen da ke gudo sanyin Turai a nan suke yada zango. Wato in an sare kurmin, kifin da ke zuwa kasuwannin Libreville shi zai fara ja baya.

Sa hannu a takarda ba ya tsare daji. Sai an sayi kwalekwale mai inji, an zuba mai, an biya albashi kowane wata. Gandu kuwa ba ya sayar da komai da zai ɗauki wannan nauyi. Shi ya sa manyan ƙungiyoyi masu zaman kansu, waɗanda ba riba suke nema ba, kan ajiye mutum musamman wanda aikinsa bin manyan masu bayarwa. Sun lura mutane ƙalilan ne ke kawo mafi yawan kuɗin, kamar yadda babban mai saye guda kan ɗauke abin da mahauta goma ba za su iya ba.

Abu na farko da mai wannan aiki ke yi shi ne sanin mutum kafin ya buɗe baki: me yake so, me ya taɓa bayarwa, wa yake jin maganarsa. Ba ya roƙo a zaman farko. Yakan yi shekara ɗaya ko biyu yana kai gaisuwa da labari, sa'an nan ya gayyaci mai kuɗin ya zo ya gani da idonsa, tun da ba a cinikin sa a bayan shinge.

Gabon kanta ta wannan hanya ta samu gandunanta. Wani Ba'amurke mai suna Mike Fay, na ƙungiyar Wildlife Conservation Society da ke New York, ya taka da ƙafa daga arewacin Kwango a 1999 har bakin tekun Gabon a ƙarshen 2000, tafiyar fiye da kilomita 3,000 cikin kimanin wata 15. Mujallar National Geographic ta buga hotunan tafiyar. Da su aka shiga wajen Shugaba Bongo, da su kuma aka shiga gidajen attajiran Amurka. A taron Johannesburg na 2002 gwamnatin Amurka ta yi alkawarin Dala miliyan 53 domin dazuzzukan yankin Kogin Kwango. Mai kuɗi in ya ga gwamnati ta sa hannu, wani babba kuma ya zuba nasa, hankalinsa ya fi kwanciya. Don haka mai neman gudummawa kan fara da wanda sunansa zai jawo saura.

Abu na biyu, faɗin adadi. Ba a cewa "a taimaka da abin da ya sauƙaƙa". Ana zuwa da lissafi a rubuce: ga aikin, ga kuɗinsa, ga shekarun da zai ɗauka. Mai bayarwa kuma yakan sa sharaɗi, ya ce kuɗinsa na gini ne ban da albashi. Nan ne ƙungiyoyi da dama ke shiga uku, don kowa na son a rubuta sunansa a jikin sabon kwalekwale, amma ba mai son sayen mai. Gwanin aikin shi ne wanda zai shawo kan mai kuɗi ya bar wani kaso ba sharaɗi, ko ya zuba a asusun dindindin da ake juyawa ana cin ribarsa kawai.

Har ila yau, ba attajirai kaɗai ake bi ba, har da gwamnatoci. A 2008 Faransa ta amince a karkatar da Yuro miliyan 50 na bashin da take bin Gabon zuwa kula da dazuzzuka, kuma daga ciki aka yi shirin Arc d'Emeraude, wanda ya shafi Akanda da Pongara da kurmin Raponda Walker, wuraren da suka kewaye Libreville. A 2019 Norway ta yi alkawarin Dala miliyan 150 cikin shekara 10, amma sai an auna an ga an rage sare daji sa'an nan a biya. Kason farko, Dala miliyan 17, bai fito ba sai 2021.

Ciniki mafi girma an yi shi ne a watan Agustan 2023, inda ƙungiyar The Nature Conservancy ta shiga tsakani kamar dillali. An samo wa Gabon sabon rance na Dala miliyan 500 ta hannun Bank of America, ta sayi wani sashe na tsohon bashinta da shi. Wata hukumar gwamnatin Amurka ta tsaya a matsayin lamuni, abin da ya sa kuɗin ruwa ya sauka. An ƙiyasta za a samu Dala miliyan 163 cikin shekara 15 domin kula da teku da gaɓarsa, ita kuma Gabon ta yi alkawarin kare kashi 30 cikin 100 na tekunta kafin 2030. Kimanin mako biyu bayan haka, ranar 30 ga Agusta, sojoji suka kifar da gwamnatin Ali Bongo, ministan dazuzzuka Lee White ya rasa kujerarsa. Kun ga dalilin da ya sa masu bayarwa ke dagewa a ajiye irin wannan kuɗi a asusu mai kwamitin amintattu na kansa, ba a aljihun ma'aikata guda ba.

Abu na uku, kuma mafi wuya, riƙon amana bayan kuɗi sun shigo. Rahoto a kan lokaci, masu binciken kuɗi daga waje, faɗin gaskiya in aiki ya ci tura. Wanda aka yi wa haka shi ke ƙarawa baɗi, ya kuma kawo abokinsa.

Amma fa akwai waɗanda ba sa wajen cinikin. A cikin kurmin Akanda da gefensa akwai masunta, da yawansu 'yan Nijeriya da Benin, waɗanda ke ƙyafe kifi da itacen kurmin. Ta ɗaya gefen kuma birni na ci gaba da cike fadama ana gina gidaje, musamman tun da aka mai da Akanda ƙaramar hukuma a 2013. Kama masunci da damin itace ya fi sauƙi a kan tsayar da mai katafila. In mai neman gudummawa bai sa wa masunta kason wata hanyar ƙyafe kifi a lissafinsa ba, to kuɗin zai ƙare a kan sintiri, rigima kuma ba za ta ƙare ba.

Saboda haka 'yan uwa, in za mu je gaban wani babba da buƙatar jama'a, mu san shi tukuna, mu kai shi ya gani, mu faɗi adadi, mu kuma koma masa da lissafin kowane kwabo. Allah ya sa mu dace, amin.