AYA DA AYA-AYA: KA SAN BAMBANCINSU?

Ya kai manomin auduga, tun da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, ruwa ya shiga gonakin Jazira, akwai wata ciyawa da ta sami wurin zama cikin hawasha. Larabawan Wad Madani suna ce mata si'ida, mu kuwa aya-aya ko jiji. Tana da 'yar'uwa, watau ayar da a kan ci, wadda ita ma ta kan fito da kanta a gona. Suna ƙanana da wuya ka rabe su, amma aya-aya ta fi mugunta nesa.

Da farko murza karan da yatsu biyu. In ka ji kusurwa uku, ba gaɓa, to, ɗaya daga cikinsu ce. Sa'an nan duba abu uku:

1. GANYE. Na aya-aya kore ne shar, bakinsa ya tsuke nan da nan. Na aya ya fi haske, bakinsa dogo ne siriri.

2. KAI. Furen aya-aya ja ne mai duhu. Na aya rawaya ne.

3. 'YA'YA. Sa fartanya ka tono. 'Ya'yan aya-aya baƙaƙe ne, masu kaushi da ɗaci da ƙanshi, a jere bisa saiwa ɗaya kamar carbi. 'Ya'yan aya masu zaƙi ne, kowane shi kaɗai a ƙarshen saiwarsa.

Wannan na uku shi ne abin lura. Yawancin 'ya'yan da ke jikin carbin nan barci su ke yi. Ran da ka tsinke shi cikin danshi, sai kowane ya farka ya tsiro, ɗaya ta zama da yawa. Auduga kuwa ba ta da saurin girma a makonninta na farko, aya-aya sai ta riga ta shan ruwa da taki.

Saboda haka, in ka ga carbi, yi kaftu mai zurfi da rani, ƙasa na bushe, ka bar 'ya'yan a fili rana ta ƙone su. Bayan shuka yi ta nome ta tun tana ƙarama, duk mako biyu, har auduga ta rufe ƙasa, gama aya-aya ba ta jure inuwa. Kada ka manta da bakin abu sitta, don daga nan ta kan komo gona.