Ɗalibin Malanta A Miga: Sanin Lissafi Daban, Koyar Da Shi Daban

Kamar yadda masu karatu suka sani, ba a ba ɗalibin malanta takardar NCE sai ya fita gwajin koyarwa, ya riƙe alli a gaban yara. A Jihar Jigawa, wadda aka ƙirƙiro daga Jihar Kano a 1991, da yawa daga cikin waɗannan ɗalibai daga Kwalejin Ilimi ta Gumel suke fitowa. To, yau za mu duba abin da irin wannan ɗalibi ke tararwa in ya shiga ajin firamare a ƙasar Miga domin koyar da lissafi.

Abu na farko da zai gane shi ne, iya samo amsa bai isa ba. Bari mu kawo misali. Ya rubuta a allo a ɗebe 17 daga 32, sai yara da dama su rubuta 25. Nan take zai ce ba su da kai, alhali kuwa hanya suka bi: sun ga bakwai ba ta fita daga biyu, sai suka juya, suka ɗebe biyu daga bakwai. In ya ce musu "a yi aro", sai yaro ya tambaya, aro a wurin wa, kuma yaushe za a biya? A nan malami kan yi shiru, domin shi ma haddar dokar ya yi, ba a taɓa nuna masa dalilinta ba.

Maganin kuwa yana bakin gona. Miga ƙasar noma ce, karan dawa ba ya wuya. A kakkarya kara, a ɗaure goma-goma. Talatin da biyu ta zama dami uku da kara biyu. Yaro ya kwance dami ɗaya da hannunsa, ya ga kara goma sha biyu, ya cire bakwai, sannan ya cire dami ɗaya. Saura dami ɗaya da kara biyar, watau 15. Ashe ba aro ba ne, kwance dami ne.

Haka kuma harshen yaron na taimakon malami. Tsarin ilimi na ƙasa na 1977 ya tanadi a fara koyar da yaro da harshen da ya tashi da shi. Bahaushe kan ce "ashirin ba biyu" yana nufin goma sha takwas, ka ga ɗebewa tana cikin ƙidayarsa tun asali. Yarinyar da ke talla ta san in aka auna mudu uku da rabin mudu, awo shida za a samu, ko da ba ta taɓa ganin an rubuta wannan rabawa a allo ba.

Abin da ya sa muka damu shi ne, yaron da ya wuce aji uku bai gane matsayin goma ba, zai yi ta ɗingishi har sakandare, ƙarshenta ya tsani lissafi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka muna kira ga hedimastoci da malaman da ke zuwa duba ɗalibai, kada su tsaya ga kyan littafin shirin darasi kaɗai. Su zauna a bayan aji, su ji yadda ɗalibin ke amsa wa yaron da ya ce 25.