Lambar Mota Ta Musamman Ga Mazan Jiya Masu Naƙasa A Amurka

'Yar'uwa, ki ƙaddara maigidanki soja ne, ya tafi yaƙi da ƙafafunsa biyu, ya komo gida a keken guragu. An yi murna da ya dawo da rai, 'yan barka sun watse, saura ke da shi. Ran da za ku ga likita kika tuƙo mota har asibiti, sai kika tarar babu wurin ajiyewa sai can nesa da ƙofa, ga motoci sun matse ku dama da hagu, ƙofar ba ta buɗuwa sosai balle ki fito da keke. Wanda bai ɗanɗana ba zai ce abin ƙarami ne, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yau zan ba ki labarin dabarar da Amurkawa suka yi wa wannan wahala, da gardamar da ta biyo baya.

Asalin abin daga Yaƙin Duniya na Biyu ne, sa'ad da samari da yawa suka komo gida ba ƙafa. Cikin 1946 Majalisar Dokokin ƙasar ta yarda gwamnati ta biya har dala 1,600 don a saya wa sojan da ya rasa ƙafa mota wadda zai iya tuƙawa. Cikin waɗanda suka tsaya tsayin daka a kan wannan har da wata mace, Edith Rogers, wadda ta yi shekara 35 a Majalisar Wakilai, daga 1925 zuwa 1960. Kafin ta shiga majalisa ta yi aikin sa kai tana jiyyar sojoji a asibiti, saboda haka ta san halinsu ido da ido. To, mota ta samu, sai kuma tambaya ta taso, watau ina za a ajiye ta?

Ga yadda abin yake tafiya. Ma'aikatar Kula da Mazan Jiya ta gwamnatin tarayya ita ce ke duba tsohon soja, ta auna yawan naƙasar da aikin soja ya jawo masa, daga sifiri zuwa kashi 100, ana hawa goma-goma. Lambar mota kuwa jihohi ne ke bayarwa, kowace da ƙa'idarta. A Jihar Teksas, wanda naƙasarsa ta kai kashi 50, ko kashi 40 in an yanke masa ƙafa, yana iya neman lamba mai haruffa D da V, ya biya dala 3 kacal a kan motarsa ta farko maimakon kuɗin rajista. Jihar Kalifoniya ta fi tsanantawa, sai wanda ya makance, ko ya rasa hannu ko ƙafa, ko ba ya iya tafiya sai da abin dogarawa, ko makamancin haka. Amma in ya samu an yafe masa kuɗin rajistar mota ɗaya, kuma ba ya biyan kuɗin ajiye mota a bakin titi.

Wataƙila kin taɓa ganin hoton nan na mutum a zaune bisa keke, fari cikin shuɗi. 'Yan makaranta, ku saurara, wata ɗaliba ce 'yar ƙasar Denmak, Susanne Koefoed, ta zana shi cikin 1968, daga baya aka ƙara masa kai, ya zama alamar da duniya ta sani. Ran 26 ga Yuli, 1990, Shugaba George Bush babba ya sa hannu a dokar kare haƙƙin naƙasassu. A ƙarƙashinta, filin ajiye motoci na jama'a mai ɗaukar mota 25 dole ya ware wuri ɗaya, mai ɗaukar 100 ya ware huɗu, kuma su kasance mafi kusa da ƙofar shiga. Faɗin wurin ƙafa 8 ne, ga kuma fili mai zane-zane na ƙafa 5 a gefensa. Wannan filin ba ado ba ne, nan ake sauko da keke. Wanda ya tare shi da mota ko babur, ya kulle bawan Allah cikin motarsa ke nan.

To, ga inda gizo yake saƙar. Shekara da shekaru a Teksas duk mai lambar D da V yana ajiye mota a waɗannan wurare. Alhali kuwa naƙasa iri-iri ce. Wani kurumta ya samu saboda ƙarar igwa, wani firgitar yaƙi ke hana shi barci, amma ƙafafunsu lafiya lau. Masu keke suka dinga kukan cewa sukan zo su tarar wuraren sun cika. Sai majalisar jihar ta sake dokar, daga ran 1 ga Janairu, 2022, lambar soja kaɗai ba ta isa ba, sai tana ɗauke da alamar keken nan, ko kuwa an rataya katin naƙasa a madubin cikin mota. Kafin a ba mutum, sai likita ya shaida, misali cewa ba ya iya tafiyar ƙafa 200 sai ya tsaya ya huta, ko ba ya gani, ko yana da ciwon zuciya mai tsanani. Waɗansu mazan jiya sun ji zafin wannan, suna ganin an rage musu girman da suka saya da jininsu. A ganina majalisar ta yi daidai. Girmamawa ta kowane soja ce, kuma an bar musu lambarsu da rangwamen kuɗinsu, amma wurin kusa da ƙofa na wanda ba ya iya kaiwa ƙofar ne.

Akwai kuma jarrabawar da ke kan matar gida. Dokar ta ce gatan yana aiki ne kawai in mai naƙasar yana cikin tafiyar. Uwargida ta ɗauki motar ta tafi cefane ita kaɗai, ga rana, ga sauri, ga wuri babu kowa a bakin kanti. In ta shiga, a Teksas tarar farko ba ta gaza dala 500 ba. Ko ba ɗan sanda a kusa, ta tuna wata mace irinta na iya isowa bayan minti biyar da nata mijin. Haka kuma in kika ga mutum ya fito daga irin wannan wuri yana tafiya garau, kada ki yi saurin zarginsa, ƙafar roba ba ta nuna kanta cikin wando.

Kada kuma ki zaci maza kaɗai abin ya shafa. Tammy Duckworth matuƙiyar jirgi mai saukar ungulu ce, aka harbo jirginta a Iraƙi cikin Nuwamba 2004, ta rasa ƙafafunta biyu. Cikin 2017 ta shiga Majalisar Dattawan Amurka tana wakiltar Jihar Ilinoi.

Mu ma a nan muna da namu mazan jiya, tun daga na yaƙin Boma da na yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, har waɗanda suka ji raunuka a Arewa maso Gabas. Cikin Janairu 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta ce a ware musu wurin ajiye mota, a kuma fara sallamarsu in ana layi. Takarda dai ba ta tashi ta ba mutum wuri, sai mu. Saboda haka, uwargida, in maigida zai shiga wurin da aka yi wa alamar keke, ki tuna masa cikin ladabi. Ke kuma 'yar makaranta, in kin ga mai sanda ko mai keke a layin asibiti ko a tasha, ki matsa masa ya wuce gaba.