Na Nufi Kukawa, Na Ƙare A Kasuwar Kifi

Jama'a masu karatu, musamman 'yan'uwanmu na Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan, ga labarin yinin da na yi ina yawon buɗe ido a Maiduguri. Ni dai a Ikko aka haife ni, karatu ne ya kai ni Jami'ar Maiduguri.

Niyyata tun farko in je Kukawa, birnin da Shehu Muhammadu El-Kanemi ya kafa a 1814, inda kabarinsa yake. Nan ne Bature Heinrich Barth ya sauka a 1851, nan ne kuma Rabe ya rushe a 1893. To, amma da na gaya wa Baba ta waya, sai ya ce, "Kai yaro, karatu na aike ka. Ka manta abin da aka yi wa mutanen garin a 2015?" Ban ja da shi ba.

Da hantsi sai na bi Dandal har ƙofar fadar Shehun Borno. Tun 1907 Shehu Garbai ya dawo da sarauta nan Yerwa. Na ɗan tsaya kallo, na wuce.

Inda na daɗe kuwa shi ne Kasuwar Kifi ta Baga Road. Tun ba ka shiga ba ƙamshin banda zai tare ka, kuma ya bi rigarka har gida. Ga kwalaye an jibga, an ɗaure da igiya, kowanne da alamar mai shi. Ga tarwaɗa an lanƙwashe ta an ƙyafe, ga karfasa, ga bargi. Dillalai na ciniki, 'yan dako na lodi. Daga Tafkin Chadi ake kawo kifin, ta Doron Baga, tafiyar kusan kilomita 200. Daga nan kuma manyan motoci su yi Kudu da shi, Anaca da Inugu da Ikko. Ashe bandar da Inna take saya mana a Mile 12 ta nan ta biyo! Wallahi sai na ji kunya, shekara ashirin ina ci ban taɓa tambaya ba.

Wani dattijo mai sayar da kifi ya ba ni benci. Da ya ji daga Kurmi nake, sai ya ce, "Ɗana, ku can farashi kawai kuke gani ya hau." Ya tuna mini da bama-baman da suka tashi a kasuwar nan a watannin Maris da Yuni na 2015, da lokacin da aka hana safarar kifi daga tafkin don kada 'yan Boko Haram su samu kuɗin shiga. Masunta suka gudo gari, masu jari suka karye. Shi kansa tafkin ya ja baya ƙwarai tun farin shekarun 1970 da 1980.

A ganina, malaman tarihi sun cika kai mu ga ganuwa da kaburbura. Kasuwar nan ma ta cancanci a kai ɗalibai.

Da la'asar na sayi ƙaramin kwali na ba direban Ikko ya kai wa Inna. Dattijon ya rage mini kuɗi, ya ce in gaida Baba.