Gigin Tsufa Kafin Tsufa: Hukuncinsa da Nauyinsa a Kan Iyali

Gigin tsufa kan riski mutum tun bai cika shekara 65 ba, galibi sakamakon cutar Alzheimer mai lalata ƙwaƙwalwa sannu a hankali. Manomi a Kibiya ko ɗan kasuwa a Rano sai ya fara rikita raka'o'i, ya ɓace a hanyar gida, alhali 'ya'yansa ƙanana ne. Dangi kan zargi sammu, har a makara zuwa asibiti.

A mazhabar Malikiyya, gushewar hankali tana sauke taklifi: babu salla a kansa, cinikinsa da sakinsa ba sa zartuwa, waliyyi ke riƙe dukiyarsa. Amma zakka da ciyar da iyali suna nan a cikinta. Don haka a rubuta basussuka da wasiyya tun hankali bai gushe ba.