Riƙon Kyanwa Mai Jego: Daga Haihuwa Zuwa Yaye

Gabatarwa

Kyanwa na daga cikin dabbobin da suka fi kusa da Bahaushe, amma ba kasafai yake ɗaukar ta a matsayin abin kiwo ba. Akuya tana da turke, kaza tana da akurki, ita kuwa kyanwa sai dai ta shigo gida don kanta, ta fita don kanta. Duk da haka harshenmu ya san da zamanta. Wasu na kiran ta kyanwa, wasu mage, wasu mussa, wasu kuma kuliya, sannan namijin shi ne muzuru. Ana yi mata kirari da mage mai kwanciyar ɗaukar rai, ana kuma kwatanta mutum marar cutarwa da kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi.

Wannan maƙala za ta yi bayani ne a kan yadda ake riƙon ƙaramar kyanwa mai jego, da kuma matakan girman 'ya'yanta tun daga ranar haihuwa har zuwa yaye. Na dogara ne da abin da na gani da idona cikin mako 12, da kuma abin da likitocin dabbobi suka tabbatar. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne: aikin mai riƙo ya rataya ne a kan sanin lokacin da zai sa hannu da lokacin da zai janye shi. Rashin sanin wannan kan jawo mutuwar 'ya'yan, ko kuma su tashi suna gudun mutane har ƙarshen rayuwarsu.

Yarinya da goyo

Kyanwar da na riƙa ta maƙwabtanmu ce a unguwar Sabo, inda nake zaune a wurin gwaggona ina zuwa makaranta. Tafiya ta kama su zuwa Arewa ta wata uku, suka bar mana ita da tsohon ciki. Gwaggo ce ta laƙaba mata suna Lami saboda sanyin halinta. A lokacin ba ta cika shekara ɗaya ba.

Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san kyanwa. Macen kan balaga tun tana wata 5 zuwa 9, wata ma tun tana wata 4. Cikinta kan ɗauki kwana 63 zuwa 65, wato wata biyu da 'yan kwanaki. Ke nan tana iya haihuwa alhali ita kanta ba ta gama girma ba. Jikinta na neman abincin da zai gina ƙashinta, ga kuma 'ya'ya suna tsotse ta. Shi ya sa irin wannan uwa ta fi tsohuwar kyanwa bukatar mai riƙo, kamar yadda a al'adarmu mai cikin fari kan koma gidan iyayenta goyon ciki.

Tun kafin ranar ta zo na nemi kwali babba, na yanke gefe ɗaya ya zama ƙofa, na shimfiɗa tsofaffin zannuwa, na ajiye shi a lungun ɗakin ajiya inda babu haske da yawa, babu kuma zirga-zirgar yara. Kyanwa mai naƙuda duhu da shiru take nema. In ba a tanadar mata ba, za ta zaɓi ƙarƙashin gado ko cikin adakar kaya.

Ranar haihuwa

Lami ta haifi 'ya'ya huɗu cikin dare. Kowane ɗa yakan fito ne a cikin wata siririyar jaka. Uwar ce ke yaga ta da haƙori, ta lashe fuskar ɗan da ƙarfi har ya ja numfashi, ta gutsure cibiya, sannan ta cinye mabiyiya. Babu wanda ya koya mata. A nan aikin mai riƙo shi ne ya zauna nesa kaɗan ya zuba ido. Sai dai idan ta yi kamar minti 30 tana nishi mai ƙarfi ba abin da ya fito, to lokacin neman likitan dabbobi ya yi.

'Ya'yan nan huɗu kowanne da launinsa: baƙi, fari mai ɗigon baƙi, da masu zane biyu. Gado daga iyaye ne ke kawo haka, kuma abin sani shi ne, haihuwa ɗaya ta kyanwa tana iya kasancewa ta muzuru fiye da ɗaya.

Muhimmin abu a wannan rana shi ne nonon farko, wanda Bahaushe ke kira dakashi. A da akan matse shi a zubar ga mace mai jego, har sai da ma'aikatan lafiya suka wayar da kai cewa shi ne rigakafin farko na jariri. Ga ɗan kyanwa abin ya fi tsanani, domin hanjinsa na iya ɗaukar sinadaran kariyar da ke cikin dakashi ne kawai a cikin yinin farko. Wanda bai samu ba a ranar, ya rasa ke nan.

Makon farko: makaho, kurma

Ɗan kyanwa kan zo duniya da nauyin kimanin giram 100, idanunsa a rufe, kunnuwansa a naɗe. Ba ya gani, ba ya ji. Da ƙanshi da ɗumi yake gano uwarsa, yana jan ciki. Cikin 'yan kwanaki kowanne kan zaɓi kan nonon da ya fi so, yana danna gefensa da hannuwa biyu kamar mai cuɗa ƙullu don nono ya zubo. Ragowar cibiya kan bushe ta faɗi cikin kwana 3 zuwa 5.

Abubuwa biyu ne ba ya iya yi wa kansa. Na farko, ba ya iya ɗumama jikinsa sai ya kai kimanin mako 3 zuwa 4, shi ya sa za ka gan su a cure wuri ɗaya. Mu da ke Kudu, inda ruwan sama kan wuni yana zuba, sanyin siminti kaɗai ya isa ya kashe su. Don haka na ɗora kwalin a kan katako. Na biyu, ba ya fitsari ko bayan gida sai uwar ta lashe masa ƙasan ciki. Wannan lasa da muke gani kamar wasa, ita ce rayuwarsa.

Hanya mafi sauƙi ta sanin lafiyarsu ita ce awo. Na ari ƙaramin sikelin da Gwaggo ke auna kayan cincin, kullum da safe in ɗora kowanne in rubuta. Lafiyayyen ɗa kan ƙara giram 10 zuwa 15 a rana, ya ninka nauyinsa cikin mako ɗaya zuwa kwana 10. Awon ba ya wuce minti ɗaya, a gaban uwar, da hannu wankakke. Ranar farko da na miƙa hannu, Lami ta yi mini huci ta kai yakushi. Gwaggo ta yi dariya ta ce, "Kai ɗan nan, ai mai jego ba ta san sabo ba. Fara ba ta abinci tukuna." Haka kuwa aka yi, da ta ƙoshi ta bar ni.

Sikelin ne ya nuna mini cewa ƙaramin cikinsu, wanda muke kira Auta, ya yi kwana biyu bai ƙaru ba. Manyan na ture shi daga nono. Alamomin haɗari a wannan mataki su ne kuka ba ƙaƙƙautawa, sanyin jiki, da kwanciya gefe guda nesa da 'yan'uwa. Likitan dabbobi ya ce in fara ɗumama shi a jikina, domin ɗan da ya yi sanyi cikinsa ba ya narkar da abinci. Bayan haka in riƙa janye manyan na ɗan lokaci in ɗora shi a kan nonon baya, waɗanda suka fi kawo ruwa. Bayan kwana uku ya fara ƙaruwa. Zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi.

Mako na 2 zuwa na 4: buɗe ido da tatata

Tsakanin kwana 7 zuwa 14 idanu kan buɗe, a hankali, daga gefen hanci. Kada a kuskura a buɗe musu da hannu. Duk ɗan kyanwa da shuɗin ido yake farawa, sai wajen mako na 7 ainihin launin ke fara bayyana. A daidai wannan lokaci kunnuwa kan buɗe su fara miƙewa, sai ka ga sun firgita in an buga ƙofa.

A mako na 2 ne Lami ta kwashe 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya zuwa bayan buhun gari. Takan kama fatar ƙeyar ɗan, shi kuma ya naɗe ƙafafu ya yi tsit har a sauke shi. Wannan ƙaura ɗabi'a ce da ta gada daga danginta na daji, don ɓatar da sawu ga maƙiyi. Ba a hana ta. Na dai kai mata kwalin can, da ruwa da abinci.

Wajen mako na 3 haƙoran gaba kan ɓullo, su fara tatata, ƙafafu na rawa, wutsiya a miƙe. Haƙoran nono 26 ne, daga baya na dindindin 30 su maye gurbinsu. A mako na 4 sukan fara iya mayar da farata cikin dungu, su fara kokawa da juna, su kuma bi uwar zuwa faranti mai yashi don yin bayan gida. Wajen wannan lokaci ne kuma suke fara koyon juya jiki a iska su dira da ƙafa, abin da kyanwa ta yi suna da shi.

Lokacin sa hannu

Masana halayyar dabbobi sun gano cewa tsakanin mako na 2 da na 7 ne ɗan kyanwa ke koyon wane ne nasa. Wanda aka riƙa ɗauka ana shafawa a hankali a wannan tsakani, zai tashi da son mutane. Wanda bai ga mutum ba sai bayan nan, da wuya ya saki jiki. Yawancin magunan da muke gani a bayan kasuwa suna zabura da ganin mutum, wannan lokaci ne ya wuce su. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saboda haka na riƙa kiran yaran gida ɗaya-ɗaya, su zauna a ƙasa, in ɗora musu ɗa a cinya na 'yan mintoci. Sharaɗi shi ne ba ihu, ba jan wutsiya, a kuma wanke hannu kafin da bayan.

Kula da uwar

Wanda ya ciyar da uwa ya ciyar da 'ya'ya. Kyanwa mai shayarwa na bukatar ninki biyu zuwa uku na abincin da ta saba ci. Ita dabba ce mai cin nama, tuwo da miya kaɗai ba sa riƙe ta. Nakan ba ta dafaffen kifi da aka cire wa ƙaya, da dafaffen ƙwai, da 'yan kayan cikin kaza, ba yaji, ba albasa, domin albasa da tafarnuwa na lalata mata jini. Ruwa mai tsabta kuwa kullum yana kusa.

Akwai abubuwan da ya kamata mai karatu ya kiyaye. Nonon shanu da madarar gwangwani na sa 'ya'yan kyanwa zawo. In uwa ta kasa shayarwa, akwai madara ta musamman a shagunan magungunan dabbobi, ana ba su duk bayan awa 2 zuwa 3, suna kwance a kan ciki, ba a rigingine ba. Farasitamol guba ne ga kyanwa, ko ɓari ɗaya na iya kashe ta. Haka ma wasu magungunan ƙuma na kare. Ita kanta ƙuma tana iya shanye jinin jariri, don haka a tsefe ta da ƙaramin mataji, a riƙa sauya shimfiɗa. Tsutsar ciki kan bi ta nono ta shiga 'ya'ya, shi ya sa likita kan ba uwa da 'ya'ya magani tare.

Yaye

Daga mako na 4 suka fara lasar abinci mai laushi daga farantin uwar. Zuwa mako na 8 Lami ta fara tashi in sun zo tsotso, wani lokaci ta ɗan make su. Duk da haka ya fi kyau su zauna da ita har mako 12, domin a wasa da 'yan'uwa ne suke koyon iyakar cizo da yakushi. Allurar rigakafi ta farko kan fara daga mako 6 zuwa 9, ta ciwon haukan kare kuma daga mako 12.

Kyanwa ma tana yin abin da muke kira gwanne ko rurrutsa, wato ta ɗauki sabon ciki tun ba ta yaye na hannu ba. Tana iya haihuwa sau 2 ko 3 a shekara. Likitan dabbobi na yin ƙaramin aiki ya tsayar da haihuwar, kuma shi ne maganin 'ya'yan da ake ɗurawa a buhu a jefar a bola.

Kammalawa

A taƙaice, mako biyun farko na uwa ne, mai riƙo ya tanadi ɗumi da abinci da shiru, ya sa ido da sikeli. Daga nan zuwa mako na 7 na mutane ne, a ɗauka, a shafa, a sabar. Daga nan kuma sai yaye da rigakafi da neman gidan kirki. A matsayinmu na ɗaliban harshe, abin lura shi ne kalmomin jego, dakashi, tatata, yaye da riƙo duk sun zauna wa kyanwa daram. Ina ba 'yan'uwana shawara, in an tafi hutu, kowa ya tambayi tsofaffin garinsu sunayen kyanwa da karin maganar da ke kanta, ya rubuto wa wannan mujalla, mu ga yadda kare-karen harshenmu suka raba ta.